Takalmin Sallah a Tudun Lisbon

Ɗan 'yar uwata da ke karatu a Lisbon, babban birnin Fotugal, ya ba ni shawara uku tun kafin in sauka. "Kawu, ka zo da takalmi mai ƙasan roba. Kada ka je Belém ranar Litinin. Kuma abin da ba ka ce a kawo ba a gidan abinci, kada ka taɓa shi." Na ce Allah ya yi albarka. A raina kuwa na ce, yaron da aka raɗa wa suna a gabana ne zai koya min tafiya? Ranar Litinin da safe ya wuce makaranta, ni kuma na zura takalmina na Sallah, sau-ciki na fata, ƙasansa sumul kamar faranti.

Matakin farko na yi shi daidai, a rubuta min wannan. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na sayi katin shiga mota a kan rabin Yuro, na loda masa tikitin awa 24 wanda ke aiki a bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da taragon lantarki. Kati ɗaya na mutum ɗaya ne, kuma duk shiga sai ka ɗora shi a kan na'ura ta yi ƙara. Wanda ya ce sai ya shiga zai biya direba, kuɗinsa ya fi yawa.

Daga nan na nufi dandalin Martim Moniz don in hau tarago mai lamba 28, rawayan nan da ake gani a kowane hoton garin. Yana tashi daga nan ya ratsa Graça da Alfama da Baixa da Estrela har Campo de Ourique. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne ƙanƙantarsa: kujerun ciki kusan 20 ne, layin da na tarar kuwa kamar ana rabon taki. Masu wayo da sassafe suke zuwa, ko su je can ƙarshen hanya a Campo de Ourique su hau daga can. Tarago uku suka cika suka tafi a idona, ban matsa ko taku goma ba. Ga wani allo yana gargaɗi a kan 'yan sane, sai na dafe aljihuna, wato na nuna musu inda kuɗin yake.

Na buɗe taswira a waya. Ganuwar São Jorge, tsohon sansanin tsaron garin, ga ta nan kusa, tsakaninmu bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na ce me zai sa in tsaya layi?

Taswira ba ta nuna tudu. Lisbon a kan tuddai bakwai ake cewa tana zaune, kuma na rantse duk bakwai ɗin sun taru a unguwar Mouraria ranar nan. Lungu ya kai ka matakala, matakala ta miƙa ka ga wani lungun, ka sha kwana kana cewa an iso, sai ka ga wata matakalar tana jiranka. Wata tsohuwa da ledar cefane a kowane hannu ta wuce ni ba ko haki. Na tsaya na yi kamar ina ɗaukar hoton wata taga, alhali numfashi nake nema.

Amma ganuwar ta biya wahalar. Daga kanta ana ganin jajayen rufin gidaje sun gangara har kogin Tejo, ga gadar 25 de Abril da aka buɗe a 1966 ta miƙe can nesa. Musulmi ne suka riƙe wurin ƙarnuka, har sarki Afonso Henriques ya ƙwace garin a 1147. Sunan unguwar da ke ƙasanta ma, Alfama, daga Larabci ya fito, al-hamma, wato wurin ruwan zafi na wanka. Ɗawisu na yawo a harabar ba mai kora, ɗaya ya tsaya ya ƙare wa takalmina kallo. Ashe ya san abin da ke tafe.

Saukowa ta Alfama ne aka fara yayyafi. Daɓen titunan Lisbon na ƙananan duwatsu ne farare da baƙaƙe, ana jera su da hannu ɗaya bayan ɗaya, a yi zane mai kyau da su. Shekara da shekaru ƙafafu na gogar su, sun yi sheƙi. Fararen sun fi santsi, musamman a gangara in sun sha ruwa. Mai ƙasan roba yana taka gefen da bai goge ba ya wuce abinsa. Ni kuwa ƙafar dama ta yi gaba ba da izinina ba, ta hagu ta ce ba za a bar ta a baya ba, sai ga ni zaune daɓas, hulata ta gangara ta riga ni isa kwana. Wani dattijo ya tsinto ta, ya kakkaɓe, ya miƙo min, ya nuna takalmina yana girgiza kai yana ta bayani. Kalma ɗaya na iya a yarensu, obrigado, wato na gode. Ita na yi ta maimaitawa, har lokacin da nake zaton faɗa yake min.

Na lallaba zuwa Baixa, unguwar da ke shimfiɗe a ƙasa. Titunanta sun miƙe sambal, saboda girgizar ƙasar 1 ga Nuwamba 1755 ta rushe ta, aka sake zana ta a ƙarƙashin ministan sarki, Marquês de Pombal. Wanda ke son ganin tabon girgizar ya hau zuwa cocin Carmo, har yau ba rufi, ginshiƙai ne kawai da sama. Na hango liftar Santa Justa, ƙarfe mai tsayin mita 45 da aka buɗe a 1902, da nata layin. Na ce yau ni da layi haihata-haihata.

A wani gidan abinci, ina zama aka dire min burodi da zaitun da cuku da man shanu. Na ce kai, mutanen nan sun san darajar baƙo. Na share faranti tas kafin gasasshen kifina ya iso. Kifi na zaɓa don na san bifana, burodin nan da nama da ake tallarsa ko'ina, naman alade ne. Mai neman halal ya koma titin Benformoso kusa da Martim Moniz. Da takardar kuɗi ta zo, sai ga zaitun da layinsa, cuku da nasa, har man shanu an rubuta shi. Al'adarsu ce: abin da ka ci ka biya, abin da ba ka taɓa ba a ɗauke shi ba ko sisi. Saura shawara ɗaya ke nan ban karya ba.

Tarago mai lamba 15E ne ke zuwa Belém, kimanin kilomita 6 yamma, a bakin kogi. Na sauka gaban Jerónimos, katafaren gidan ibadar da aka fara ginawa a 1501, inda kabarin shahararren matuƙin jirgin ruwan nan Vasco da Gama yake. Ba layi ko kaɗan. Na ce Alhamdulillahi, yau na ci sa'a. Ƙofa a rufe. Na ɗingisa har Hasumiyar Belém, mai shekara fiye da 500 a bakin ruwa, wadda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya tare da Jerónimos a 1983. Ita ma a garƙame. Litinin ce ranar hutunsu, ganuwar São Jorge kuwa tana buɗe, don haka mai hankali ganuwa yake yi wa Litinin ya bar Belém sai Talata.

Abin da na samu a buɗe shi ne shagon pastéis de Belém, wanda ke gasa su tun 1837. Ɗan ƙoƙon fulawa ne mai ɓawo ƙaras-ƙaras, cike da haɗin ƙwai da madara, ana barbaɗa kirfa da garin sukari a ci da zafinsa. Layin waje na masu saye su tafi ne. Ciki akwai ɗakunan zama da yawa. Na ce a kawo biyu. A na huɗu ne na kira ɗan 'yar uwata ina gaya masa Turawan nan mutanen kirki ne, ya ce, "Kawu, santi kake yi. Kana ina?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun yaro mai tarbiyya da dariya ta ci ƙarfinsa. Sannan ya tambaya ta ina na hau ganuwa.

"Da ƙafa mana."

"Kawu, ai akwai lifta kyauta. Ka shiga ta titin Fanqueiros ta fito da kai titin Madalena, ka tsallaka ka hau ta Chão do Loureiro, sai ɗan hawa kaɗan ya rage. A Martim Moniz ɗin ma akwai matakalar lantarki, kusa da inda ka tsaya layi."

Na ce me ya sa bai faɗa min ba. Ya ce shawara ta huɗu ke nan, yana cikin faɗa na ce Allah ya yi albarka na kashe waya.

Washegari da takalminsa na ƙwallo na fita, ya fi ƙafata lamba biyu, na cusa takarda a gaba.