Wai kashin da ba a yi harbi ba shi ne lami?

Har yanzu maganar yaron nan mai tura finafinai a waya ba ta bar raina ba. Kun san shagon da nake nufi, na hanyar Ƙofar Ƙaura. Na ba shi memori ya zuba mini zango na 2 na Star Trek: The Next Generation, shirin talabijin mai dogon zango kan ma'aikatan wani jirgin sararin samaniya, sai da na isa gida na tarar ya cire kashi na 9. Da na koma, cewa ya yi, "Yaya, wannan surutu ne zalla, ko harbi ɗaya babu, wuri na rage maka." Wallahi raina ya ɓaci, domin tsokar ya zubar ya miƙo mini romo.

Kashin nan na 1989 a kan wata shari'a aka gina shi. Wani masani mai suna Maddox yana so ya kwance Data, mutum-mutumin da ke aiki a jirgin Enterprise, don a ƙera irinsa da yawa. Data ya ƙi, ya ce zai ajiye aiki. Aka ce ai shi kayan hukuma ne, kaya kuwa ba ya ajiye aiki. Kyaftin Picard ya tsaya masa, aka kuma tilasta wa Riker, mataimakin kyaftin kuma abokin Data, ya tsaya wa masu ƙara, in ya ƙi alƙaliya ta yanke hukunci nan take. Ku dubi fuskar Riker lokacin da ya cire hannun Data a gaban kotu, sannan ya lallaɓa ta baya ya danna maɓallin da ke kashe shi. Ya yi nasara a hujja, amma ya zauna kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Wane fashewar jirgi ne zai taɓa zuciya haka?

Mutane ne ke ɗaukar labari. Na faɗa a majalisa, zan sake faɗa a nan: mutane ne. Abin da ya juya shari'ar ma hira ce. Guinan, mai kula da wurin shaƙatawa na jirgin, ta zaunar da Picard ta nuna masa cewa idan aka ƙera dubban Data, aka ce duk kaya ne, to sunan abin bauta. Kuma ɗan kayan da Data ya haɗa zai tafi da su, lambobin yabonsa, littafin da kyaftin ya ba shi, da hoton marigayiya Tasha Yar, tsohuwar shugabar tsaron jirgin, su suka zama shaidarsa.

Kada wani ya ce mini ai almarar kimiyya don kallon na'urori da taurari ake yin ta. A wannan zangon dai, kashi na ƙarshe Riker ne kwance ba lafiya ana ta maimaito tsofaffin hotuna, har da na faɗa da tashin hankali, amma ba ya tsinana komai, don babu wanda aka sa a tsaka mai wuya. Ita kanta Tasha, a zango na 1 wani dodo mai kama da kwalta ya kashe ta farat ɗaya, tun marubuta ba su gama gina ta ba. Wannan rauni ne, ban ɓoye ba. Haka duk kashin da ake kai mutane bakin halaka, saura minti 5 injiniya ya ambaci sunan wata na'ura komai ya warware. Masu cewa "ai kuɗi ne ke sa labari ya yi daɗi" su ma su huta. Kakata a Daura da fitilar ƙwai kaɗai take hana mu barci da Gizo, saboda mun san halinsa, muna jiran mu ga inda kwaɗayi zai kai shi.

Af, tunda ana maganar masu turi: don Allah ku riƙa duba sauti kafin ku ba mutum. Sau biyu ke nan ina samun wanda baki ke motsi sai daga baya magana ta biyo. Duk mai kashin nan na zango na 5 da Picard ya koyi busa sarewa, mai sauti garau, ya taho mini da shi ranar Juma'a bayan masallaci.