Malamin da bai taɓa cewa "ban sani ba"

Jama'a, yau dai sai na amayar da abin da ya daɗe yana cin raina. Wanda ya ji tsaki ya yi haƙuri.

Shekara uku da suka wuce 'yar yayata ta fara faɗuwa. Tana cikin wanke-wanke sai ta zube, jiki ya sandare, baki na kumfa. Kafin a kira magariba an gama yanke hukunci a tsakar gida: iska ce. Aka kwashe ta sai wurin wani mai ruƙya da ake ta jin tallarsa a rediyo. Kuɗin kati daban, kafin alƙalami daban, man zaitun da habbatus sauda da turare kuma dole a shagonsa za a saya, wai na kasuwa ba a yi masa tofi ba. A zama na uku ya ce aljanin ya yi magana, turo shi aka yi, kuma daga cikin gida. Bai kama suna ba. To ina buƙatar kama suna a gidan mata biyu? Daga ranar yayata da abokiyar zamanta suka daina ga-maciji, 'ya'yansu suka daina cin tuwo a kwano ɗaya.

Kar wani ya yi saurin cewa ina inkarin ruƙya. Hadisin Abu Sa'idil Khudri yana nan a Bukhari: kunama ta harbi shugaban wata ƙabila, wani sahabi ya karanta masa Fatiha, ya miƙe, aka ba su garken tumaki, Manzon Allah (SAW) kuma ya amince da abin da suka karɓa. Ruƙya gaskiya ce, ladan aiki halal ne. Amma a lura, sai da mutumin ya taka da ƙafarsa aka miƙa tumakin. Kuma babu wanda ya ce masa kishiyar uwarsa ce ta turo kunamar.

Nan ne wurin da nake so mu tsaya. Mai yi maka addu'a daban, mai ba ka labarin gaibu daban. Da zarar an tambaye ka sunan mahaifiyarka, aka ce ka kawo ɗankwalin wance ko ƙasar sawun wane, an fita daga Fatiha an shiga wani abu, ko da allo da carbi ne a gaban mutumin. Abin takaici, bugun ƙasa yanzu ya sake riga, sunansa "istihara". Ka tura kuɗi ta waya, gobe da safe a turo maka sakamako a WhatsApp: kar ka auri yarinyar nan, akwai duhu a tare da ita. Istiharar da aka koyar da mu raka'a biyu ce da addu'a, mai buƙata shi ke yin abarsa, ba a kuma ce lallai sai an yi mafarki ba. Hadisin Muslim kuwa bai bar ƙofa ba: wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Mu da muke alfahari da Malikiyya, an ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a guda 32. Malamin Madina kenan. Mu kuwa namu na rediyo da TikTok, mutum ɗaya ke maganin sammu, rashin haihuwa, ciwon suga, basir, rashin kasuwa da faɗuwa jarrabawa, duk a jarka guda. Ya ɗaga kwalba yana nuna lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, alhali lambar da ake ba irin waɗannan magunguna ba shaida ba ce ta cewa suna warkar da duk abin da aka lissafa. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce wa mai kira "Hajiya, wannan ba nawa ba ne, ki je asibiti" ba.

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi da idonmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutane wajen 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Bayan 'yan makonni aka sami irinsa a Daura. Yawancinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a gyara musu tarbiyya ko a raba su da shaye-shaye. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, amma mun fi yarda a ce ɗanmu aljani ya shafe shi da a ce ya ga likitan ƙwaƙwalwa.

Laifin kuma ba nasu kaɗai ba ne. Mu ne kasuwar. Mun fi son wanda zai nuna mana maƙiyi, domin ya fi daɗin ji a ce an yi maka asiri da a ce ka ci jarin shagonka. Mu ne muke barin matanmu su shiga ɗaki da namiji a rufe ƙofa saboda an ce aljanin ba ya son taro. Lokacin zaɓe kuma kowa ya san motocin da ke tsayawa a ƙofar waɗannan gidaje bayan isha'i.

Wata takwas muka yi muna zarya. Wanda ya fitar da mu wani dattijo ne mai karantar da yara a zaure a unguwarmu, ko lasifika ba shi da ita. Na ba shi labari, ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, ni ban san abin da ke damunta ba. Ku kai ta asibiti a duba, ni kuma zan yi nawa." Likita ya ce farfaɗiya ce, ya rubuta ƙwaya safe da dare. Yarinya ta koma makaranta, bana take aji biyar na sakandare.

Na koma da ɗan abin sadaka a ambulan. Malam ya tura mini shi baya, ya ce in ƙara a kuɗin maganin wata mai zuwa. Yayata da abokiyar zamanta kuwa, har yau ko barka da sallah ba ta haɗa su.