Google bai san kwalbatin unguwarku ba

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta fara yi wa tarukan unguwa katutu. Za a kira taro kan ambaliya ko shara, sai a ba wani matashi mai ilimi dama ya yi bayani. Ya jona kwamfuta, ya haska bango, ya juya wa mutane ƙeya, ya shiga karanto abin da ya kwaso daga shafin farko na Google. Hotuna tsaf, alƙaluma daga wata nahiya. Har a tashi, dattijon da ya ga damina arba'in a layin bai samu bakin magana ba.

Ban ɗora wa yaron laifin duka ba, domin ba a taɓa gaya masa yadda injin bincike ke aiki ba. Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, abin da ya fifita su a kan injinan bincike irin su AltaVista shi ne dabarar PageRank: shafin da wasu shafuka da yawa suka yi nuni gare shi, musamman manya, shi ke hawa sama. An ƙara ma'aunai barkatai daga baya, amma har yau manhaja ce ke bin mahaɗa daga shafi zuwa shafi tana kwashe abin da aka wallafa. Abin da ba a wallafa ba, a wurinta babu shi. Ga tallace-tallace da kamfanin ya fara sayarwa ta AdWords tun 2000, ga kuma taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira da ta fara bayyana a saman sakamako a 2024, wadda ta sa wasu ko shafin ba sa buɗewa.

To, wa ya taɓa wallafa cewa kwalbatin bayan makaranta ne ke toshewa, ko cewa ruwan ya sauya hanya tun da aka yi gini a kan tsohuwar magudana? Muna faɗa, amma a rukunin WhatsApp, rabinsa ma saƙon murya ne. Injin bincike ba ya shiga can. A canza waya sau biyu, hoton da aka ɗauka bara ya bi ruwa. Abin da ke ba ni mamaki, wannan matsalar ce ta haifi yanar gizo. Takardar da Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro ta, ya rubuta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1989 kokawa take kan yadda bayanai ke salwanta saboda ma'aikata na zuwa suna tafiya da abin da ke kansu. A 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa. Mu kuma muka kwashi namu sanin muka kulle a ɗaki.

Shi kansa haska bangon, a yi hattara da shi. Bayan kumbon Columbia ya tarwatse a 2003 da 'yan sama jannati bakwai, kwamitin bincike ya soki yadda NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta saba gabatar da bayanan injiniya a PowerPoint, manhajar haska bayani a allo, maimakon cikakken rahoto, har girman haɗari ya shige cikin ƙananan layuka. Kamfanin Amazon kuwa ya koma rubuta takarda mai shafi shida da ake karantawa shiru a farkon taro. Idan injiniyoyi za su ruɗe da allo mai ƙyalli, ina ga taron da rabin mahalartansa ke can baya ba sa ko hango rubutun?

Da ni za a tambaya, mai gabatarwa ya fara taka layin da ƙafa. Ya ɗauki hoton wurin da ake magana a kai, ya tambayi mazauna gidajen da ruwa ke shiga, sannan ya leƙa intanet ya ga yadda wasu suka magance irin matsalar. Ranar taro ya fuskanci jama'a, ya faɗi abin da yake so a yanke a minti na farko, ya bar wa tambayoyi lokaci mai yawa.

Bayan taro kuma a rubuta abin da aka cimma a shafin da kowa zai iya buɗewa, da kwanan wata da sunan layi. Ba abu ne mai wuya ba. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, 'yan sa-kai ne suka zana titunan Port-au-Prince a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, cikin kwanaki, masu agaji suka yi aiki da taswirar. Na san wani zai ce tona asirin unguwa ne. Sunayen mutane da lambobin waya su tsaya a rukuni, amma wurin da kwalbati ya toshe, duk mai wucewa ya riga ya gan shi.