Zafi ne ke raba su, sanyi a hankali ke maido su

Assalamu alaikum ƴan uwa na Agege da Mile 12 da duk inda kuke a Legas.

Jiya ƴar ƙanina da ke karatun kimiyya ta zo gida da takardunta, na ce ke meye wannan layin da ya miƙe kamar hawan gada, ta ce Baba ai narkewar DNA ce. Wlh na yi shiru ina saurare.

DNA ɗin da ke jikinmu, wato abin da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye, zare biyu ne a murɗe kamar igiyar ɗaure rago, kuma abin da ya riƙe su ƴan ƙananan ɗauri ne marasa ƙarfi, tsakanin sinadarai huɗu da ke jere a jikin zaren da ake kira A, T, G da C, tsakanin A da T guda 2, tsakanin G da C guda 3, yawansu ne ƙarfinsu. In aka ɗumama shi sai ya fara buɗewa ta inda A da T suka yi yawa, gurin G da C ya fi jurewa, kafin a kai digiri 95 sun rabu. Haka ma ake yi a gwajin PCR da aka sha yi mana lokacin korona.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne, ruwan da ke cikin ƴar kwalbar gwajin da aka sa DNA ɗin yana nan garau, ido ba ya ganin komai ya faru. Sai an haska masa hasken UV, wato wani irin haske da ido ba ya gani, zaren da ya rabu ya fi shan hasken da kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, nan na'ura ke tona asiri. Subhanallah, mu nawa ne a kasuwa muke gaisawa a sahu ɗaya muna dariya alhali ciki ya riga ya warware, kan kuɗin kwandon tumatir ko wata magana da aka yi cikin fushi a go-sulo? Mutane ba su gani, Allah Yana gani.

Ta ce kuma zafin bai tsinka zaren ba, raba su kawai ya yi, in aka bar shi ya huce sannu sannu kowanne zai nemo ɗan uwansa, in aka tsoma a ƙanƙara gaba ɗaya sai su zauna a rabe. Annabi SAW ya hana ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana 3, kuma wanda ya fara sallama shi ya fi.

Ni dai akwai wanda rabona da kiransa tun ƙaramar sallah, yau bayan isha'i zan kira shi in sha Allah.