Ni da Baƙin Akwatin Autana

A Ingila ba mota kaɗai ake yi wa inshora ba, har da wanda zai riƙe sitiyari. Na daɗe a Birmingham ina biyan tawa ban taɓa damuwa da wannan ba, sai da autana ya ci jarrabawar tuƙi yana ɗan shekara 18. Ya shigo yana ɗaga takarda, uwarsa ta rangaɗa guɗa har maƙwabciyarmu Baturiya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Ni kuma daɗi ya kwashe ni na ce, "Mota a kaina. Inshora ma a kaina." Uwargida ta ce, "Allah ya ƙara buɗi, Alhaji. Yara, kun dai ji da kunnuwanku."

Mota ba ta ba ni wahala ba. Wata tsohuwar Vauxhall Corsa muka samu a kan fam 1,800, baƙa, mai ƙafafu masu walƙiya da tagogi masu duhu, ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai ta ciki. Yaro ya ce ko ita ko babu.

Ni duk lissafin gida ne a kaina. A Najeriya ƙaramar inshora, wadda ke biyan wanda ka buge kawai, ta daɗe tana naira 5,000, sai a Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da ita 15,000 jama'a suka yi ta ƙorafi. Ba mai tambayar shekarunka, ba mai tambayar inda motar ke kwana. Ka biya, ka ninke takarda ka cusa a aljihun gaban mota, sai ranar da aka tare ka a hanya.

Muka zauna gaban kwamfuta muka buɗe irin shafin nan da ke jero maka farashin kamfanoni. Tambaya ta fara sauka. Shekarunsa nawa? Yaushe ya sami lasisi? Me yake yi? Yana da aure? Gidan naku ne ko na haya? Mota a bakin titi take kwana ko a cikin gida? Mil nawa zai yi a shekara? An sauya wa motar wani abu bayan ta fito daga kamfani? Ko wanda ya zo neman auren babbar 'yata ban yi masa rabin wannan binciken ba, kuma shi mutum na ba shi sukutum.

Da muka gama, allo ya ɗan yi juyi, sai ga amsa. Mafi araha fam 5,200 a shekara.

Na cire tabarau na goge da bakin riga na mayar. Tana nan. Na ce wa yaro ya duba ko mun rubuta jirgin sama a wurin mota. Ya ce, "Baba, wannan na sama shi ne mai sauƙin. Ka gangara ƙasa ka gani." Ban gangara ba, ina da hawan jini.

Sai na ce to a bar babbar, mai biyan kowa da kowa, a ba mu ƙaramar irin ta gida. Muka danna, farashi ya hau. Wai kamfanoni sun lura masu neman ƙaramar su suka fi yin haɗari, don haka duk wanda ya zaɓe ta ya riga ya shigar da kansa ƙara. Na danna biyan wata-wata, sai ga kuɗin ruwa ya ɗare a kai, domin a wurinsu bashi ne suka ba ka. A cikin farashin ma akwai harajin gwamnati kashi 12 cikin ɗari. Har lambar unguwarmu tana da nata laifin, wai ana yawan karo da satar mota a yankin. Uwargida daga kicin ta ce da mace ce da ba a kai haka ba. Babbar 'yar ta ce an hana kamfanoni bambanta mace da namiji a farashi tun Disambar 2012. Uwar ta ce, "To an kyauta, yanzu kowa ya sha daidai."

Washegari na buga wa wani kamfani waya. Na gaya wa matar da ta ɗauka cewa ni ina da rangwamen nan da ake tara wa wanda ya yi shekaru bai nemi a biya shi komai ba, nawa ya taru ya yi yawa, ina so a yanka wa ɗana rabi. Ta ce ba a rabawa. Na ce to ana gado? Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko akwai wani abu kuma da za ta taimaka mini da shi yau.

Ranar Juma'a bayan an sallame na kai kukana bakin masallaci, nan take masana suka kewaye ni. Wani dattijo ɗan Zariya, tsohon direban tasi, ya ja ni gefe ya rage murya. "Alhaji, kai ma da sanyin jiki. Ka rubuta kai ne mai tuƙa motar kullum, yaro kuwa ɗan taɓawa ne jefi-jefi. Sai ka ga kuɗi ya faɗo warwas." Wani matashi kuma ya ce yana da lambar wani a WhatsApp da ke haɗa inshora a fam 900, ba tambaya ko ɗaya, ka tura kuɗi kawai takarda ta iso.

Na dawo gida da fara'ata na shimfiɗa wa uwargida shawarwarin biyu. Ta ajiye ludayi. Ita a asibiti take aiki, kuma irin mutanen nan ne da ke karanta ƙananan rubutun ƙasan takarda. Ta ce ta farko zamba ce a dokar ƙasar nan: ranar da yaro ya yi karo a hanyar kwaleji suka gano shi ne mai motar, za su iya ƙin biya su soke inshorar, kuma duk kamfanin da ya je nan gaba sai ya tambaye shi ko an taɓa soke masa. Ta biyu kuwa takardar bogi ce. Kyamarar 'yan sanda na karanta lambar mota ta san wadda ba ta da inshora. Tara fam 300, makin laifi 6 a lasisi, a ɗauke mota. Sabon direba kuma in ya tara maki 6 a shekara biyun farko, lasisin ya tafi, sai ya sake jarrabawa daga tushe. Ta ɗauki ludayinta ta ce, "Kuma kai da ke sahun gaba."

Dole muka bi ta halal, ita kuwa a hankali take tafiya. Motoci a nan rukuni-rukuni ne daga 1 zuwa 50, mai ƙaramin inji tana ƙasa, kuɗinta ma ƙasa. Muka sayar da Corsa da asara, ƙafafun nan masu walƙiya ashe su ma ana caji a kansu, muka sayo Hyundai i10 ruwan toka. Yaro ya zagaya ta ya ce motar tsofaffi ce masu zuwa sayen fure. Na ce tsofaffin sun san abin da suke yi. Muka ƙara kuɗin da za mu fara biya daga aljihu in an yi haɗari. Muka sa inshorar ta fara aiki bayan mako uku, don wai mai nema yau-yau alamar gaggawa ce a tare da shi. Muka sa sunan uwarsa a matsayin direba ta biyu, fam 400 suka zube. Na ce to a sa nawa mu ga ikon Allah, mutumin da ya koyi tuƙi a Kano tun kafin a haifi masu kamfanin. Aka sa, kuɗi ya ƙaru da fam 60, saboda wasu maki 3 da wata kyamara ta liƙa mini bisa rashin fahimta. Uwargida ta ce a cire. Na ce ba za a yi mota a gidana ba sunana a kai ba.

Abin da ya karya farashin a ƙarshe shi ne baƙin akwati. Wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, ana maƙala ta a mota tana kai wa kamfani rahoto: gudunka, yadda kake taka birki, yadda kake shan kwana, da ƙarfe nawa kake fita. Ta ba ka maki cikin ɗari a waya. Da ita muka sauko fam 2,300. Na biya a dunƙule ina salati.

Yaro ya zama waliyyin titi. Inda aka rubuta mil 20, 19 yake yi. Masu keke na wuce shi. Makinsa 94, kullum sai ya nuna mana a wurin cin tuwo.

Cikin watan Yuni sai maki ya fara zubewa, 80, 71, har 58. Saƙo ya zo cewa in aka ci gaba a haka za su soke. Na tara gida a falo na miƙe tsaye. Na yi magana a kan amana, na yi a kan gumin uba, na kawo tarihin yadda na zo ƙasar nan da jaka ɗaya. Yaro bai ce uffan ba. Da na tsaya shan ruwa, sai ya miƙa wa uwarsa waya.

Ashe abin har taswira yake zanawa. Ta ƙura ido tana bin wani jan layi da yatsa. "Ƙarfe 3:40 na dare. Daga ƙofar gidan nan... zuwa masallaci. Mil 41 a inda aka ce 30. Birki mai ƙarfi a bakin shago, birki mai ƙarfi a shataletale." Ta ɗago. "Alhaji, wa ke zuwa Asuba da mota a gidan nan?"

Ina so mai karatu ya yi adalci. Motar yaro a bayan tawa take kwana, ta tare hanya. Ba ta shan mai. Sunana yana kan takarda, na biya fam 60 a kansa. A watan Yuni kuma dare a Ingila ɗan guntu ne, kafin ka gyara kwanciya alfijir ya keto, liman kuwa ba ya jiran kowa. Birkin bakin shagon nan dila ce ta gifta, ko kyanwa, wani abu dai ya gifta.

Na sake buga wa kamfani waya na yi musu bayani cewa fitar ibada ce ba ta gidan rawa ba, a wurinmu kuwa aiki da niyya yake. Matar ta ce ta fahimta ƙwarai, tana kuma girmama hakan, amma na'urar ba ta auna niyya.

A daren aka yanke hukunci ban da ƙuri'ata. Makulli ya koma ɗakin yaro. Uwarsa ta ɗauki aikin farfaɗo da maki, kowace Asabar da hantsi tana lallaɓa motar zuwa Coventry ta dawo. Da na nemi a kai ni kasuwa, a kujerar gefe aka zaunar da ni, autana yana tuƙi yana yi mini karatu: "Ka gani, Baba? Tun daga nesa ake fara taka birki."

Ranar Litinin uwargida ta kira kamfanin da kanta ta ce a cire sunana. Bayan sun zare ladan aikinsu, suka dawo mana da fam 22. Na ce ai ni na biya, kuɗina ne. Ta ce sun shiga kuɗin man Coventry.