Dalilin da ya sa nake shiga daji da taswira duk Asabar

Jama'a, tun da na sa hoton nan da nake jiƙe sharkaf a dajin bayan garin Uppsala, ake ta tambayata me ya kai ni daji cikin wannan sanyi. Wani yayana ma ya kira ni yana cewa, "Wai karatu aka tura ka Suwidin ko farauta?" Bari in amsa wa kowa a nan.

Wasa ne da mutanen ƙasar nan ke kira orientering. Za a ba ka taswira, ka riƙe kamfas, wato 'yar na'urar da ke nuna arewa, a sake ka a daji kai kaɗai. A jikin taswirar an zana alwatika a inda za ka tashi, sai da'irori masu lamba. Kowace da'ira akwai 'yar tuta mai fari da ruwan lemo da aka kafa a wurin, bayan wani dutse ko cikin wani kwari. Ka nemo su a jere, ka taɓa 'yar na'urar da ke yatsanka a kowace, ka dawo. Hanyar da za ka bi tsakanin tuta da tuta kuwa, kai za ka zaɓa, kuma duk daɗin wasan yana nan.

Ranar farko na ga wuri fari tas a taswira, na ɗauka fili ne. Ashe a wannan taswira fari daji ne mai bishiyoyi wanda za ka iya gudu a cikinsa. Rawaya shi ne fili, kore sarƙaƙiya, layukan ruwan ƙasa kuma tudu da gangare. Na yi kusan minti arba'in ina kewaya wuri ɗaya, zuciyata na bugawa. Wata tsohuwa da ta kusa shekara saba'in ta zo ta wuce ni, tafiya kawai take yi, kuma ta riga ni isa. Da muka haɗu a wurin ƙarewa ta kama hannuna, ta ɗora babban yatsana a kan taswirar, ta nuna mini yadda ake matsar da shi duk inda aka taka, da yadda ake juya takardar arewarta ta kalli arewa kafin a ɗaga ƙafa. Santimita ɗaya a wannan takarda mita ɗari ne a ƙasa. Tun ranar ban sake sakin yatsana daga kanta ba.

Masu cewa ɓata lokaci ne tunda akwai waya, ni a nan muka raba hanya. Waya tana kai ka inda za ka, amma ba ta sa ka san inda kake. Na shekara biyu a garin nan ina bin ɗigon shuɗin nan na taswirar waya, in ka tambaye ni ina gabas sai na duba allo. Kamfas ɗin ma da na fara saya, don gane alƙibla na saye shi. Kakana kuwa da kuka da tsamiya da suri yake gane hanya, ya kai dabbobi kiwo nesa ya dawo bayan magariba. Wannan ido ne nake ji yana buɗe mini a hankali, kuma wallahi yana yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Yanzu ko a gari nake, ina lura da inda ƙasa ta ɗaga da inda ruwa ke gangarawa.

Sojoji suka fara abin don horo a ƙarshen ƙarni na 19, farar hula suka yi gasarsu ta farko a Norwe a 1897, ga shi yau jika da kaka suna shiga rana ɗaya, kowa da zangon da ya dace da ƙarfinsa. Ni ba gwani ba ne, a rukunin masu koyo nake, kuma ba kofi nake nema ba. Amma na sa sunana a O-Ringen, gasar kwana biyar da ake yi a Suwidin cikin watan Yuli tun 1965, inda dubban mutane ke taruwa. Bayan ita, in Allah ya yarda, idona na kan Jukola ta ƙasar Finlan, wadda mutum bakwai ke gudun ba-ni-in-ba-ka tun cikin dare da fitila a goshi. Ƙungiyarmu ta ce in na iya gudun dare kafin bazara za su ba ni zango ɗaya, shi ya sa ranar Laraba bayan isha'i zan fita gwajina na farko da fitila.