Abin da ya mayar da Kawu kan darasin ƙwaƙwalwa

Kwana tara Kawu ya yi yana buɗe wata manhajar darasin ƙwaƙwalwa a wayarsa. A na goma ya jefa wayar aljihu, bai ƙara waiwayarta ba sai in an kira shi. Ɗansa da ke aiki a Abuja ne ya saka masa manhajar bayan an sallamo shi daga asibiti a Birnin Kebbi, inda ya yi jinyar shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, hannu da ƙafa sun dawo. Lissafi ne ya ƙi dawowa daidai. Mutumin da ya shekara talatin yana sayen albasa a Aliero, yana haɗa kuɗin buhu arba'in da na dako da na mota a ka tun yaronsa bai gama laluben biro ba, sai ga shi yana tsayawa a tsakiya yana tambaya, "Nawa muka ce?"

Manhajar irin ta horar da ƙwaƙwalwa ce. Wasu zane-zane su bayyana su ɓace, ka tuna inda suke, in ka ci, waya ta yi ƙara a ba ka tauraro. Umarninta duk da Turanci. Da na je gaishe shi na ce, "Kawu, ya aka yi ka daina?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi zan yi da taurari? Na tara sun fi ɗari, har yau in na shiga kasuwa yaro ka ƙidaya mini canji."

Ban ga laifinsa ba, domin tambayar da ya yi ita ce masana suka daɗe suna yi. A 2010 mujallar Nature ta buga binciken da Adrian Owen da abokan aikinsa suka yi tare da BBC a Birtaniya, inda mutum 11,430 suka yi makonni shida suna irin waɗannan wasanni ta intanet. Sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani da ba a horar da su a kai ba. A farkon 2016 kuma hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2, saboda tallan da yake yi cewa wasanninsa na kare mutum daga ciwon mantuwa ba tare da hujja ba. Wanda aka yi wa alƙawarin gari guda ya wayi gari bai ga ko zaure ba, dole jikinsa ya yi sanyi. Ni a ganina, tushen riƙe mutum a kan wannan horo shi ne a gaya masa gaskiyar abin da zai samu tun ranar farko, ko da kaɗan ne.

Kaɗan ɗin kuwa akwai shi. Binciken ACTIVE a Amurka ya ɗauki dattawa kusan 2,800 masu shekara 65 zuwa sama, aka yi musu zama goma cikin makonni biyar zuwa shida. Wasu an horar da su kan tuna abu, wasu kan warware matsala, wasu kuma kan saurin gane abu da ido, wanda a kwamfuta ake yinsa. Bayan shekara goma, rukuni biyu na ƙarshe ba su rasa ribar da suka samu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne tsarin zaman: ƙananan rukunai ne, da mai koyarwa a tsaye, da ranar farawa da ranar gamawa, an kuma sake kiran wasunsu bita daga baya. A gwada da binciken FINGER na ƙasar Finlan, mai mutum 1,260, inda aka bar wasu daga cikin dattawan su riƙa yin darasin kwamfuta da kansu a gida. Mafi yawansu ba su kai rabin darussan ba. Ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan, balle Jega ko Kamba.

Masu ƙera manhaja sun san mutane na gudu, shi ya sa suke cika ta da maki da lambobin yabo da ƙidayar kwanakin da ka jera ba fashi. Wannan ƙidaya ita ce ta fi ɓata mini rai. A nan unguwa kan kwana biyu ba wuta, wurin cajin ya cika, data ta ƙare. Dattijo ya buɗe waya ya tarar kwana ashirin da ya jera sun koma sifili, ba laifinsa ba. Yaro zai yi tsaki ya sake farawa. Mai shekara saba'in da ke fama da tsoron cewa hankalinsa na guduwa zai ɗauka wata faɗuwa ce kuma, ya yi shiru bai gaya wa kowa ba. Tun a 1971 masanin halayyar ɗan Adam Edward Deci ya nuna cewa ɗaliban da aka biya kuɗi don su haɗa wani wasan wasa ƙwaƙwalwa, da aka janye kuɗin sha'awarsu ta ragu, alhali waɗanda ba a taɓa biya ba sun ci gaba da abinsu. Ladan da aka liƙa daga waje gajeren numfashi gare shi.

Mu kuwa muna da tsarin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana riƙe mutum a kan aikin ƙwaƙwalwa mai wuya, tun daga zamanin malaman Gwandu har yau. Ba bulala nake nufi ba, wannan Allah ya raba mu da ita. Dubi yadda malamin kirki ke rubuta wa almajiri allo daidai abin da kansa zai ɗauka. In ya biya ya wanke a ƙara masa, in ya yi tuntuɓe a bar shi a nan sai ya zauna. Yana karatu yana jin muryar na gefensa. Ya san izu nawa ya ci, ya san nawa suka rage cikin sittin, ya san akwai ranar sauka da dangi za su taru. Fiye da komai, ya san gobe da asuba akwai wanda zai ce masa "biya". Manhajar Cogmed, wadda ta fito daga binciken Torkel Klingberg a Suwidin, da irin wannan dabara take tafiya: zama 25 cikin makonni biyar, da mai kula da ke tuntuɓar mutum duk mako.

Za a ce ina muka ga ma'aikatan da za su bi kowane majinyaci gida, likitocin ma ba su ishe mu ba. Gaskiya ne. Sai dai aikin nan ba ya buƙatar likita kullum. Likita ko mai gashin ƙashi ya tsara, ya ce minti goma sha biyar sau uku a mako, ya rubuta sunan wanda zai zauna da majinyacin kamar yadda ake rubuta magani. Cibiyoyin kwamfuta da aka buɗe tun da JAMB ta koma jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya a 2015 suna iya ware wa dattawa safiya ɗaya a mako in lokacin jarrabawa ya wuce. Matasanmu masu karatun kwamfuta a jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da ta kimiyya da fasaha a Aliero su ƙera mana manhaja mai magana da Hausa, mai aiki ba data, wadda lissafinta na naira da mudu da buhu ne. Kuma kada kowa ya ajiye maganin hawan jini ko tattakin safe saboda waya. A FINGER ma, haɗawa aka yi da gyaran abinci da motsa jiki da lura da jini.

Kawu dai jikarsa ce ta mayar da shi, yarinya 'yar aji biyar a firamare. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a zaure ta ce, "Angona, taso, yau sai na kayar da kai." Shi kuma ya ce, "Amarya, ke da ko kuɗin cefane ba ki iya riƙewa?" Su yi zagaye biyu a waya tana fassara masa umarnin, sannan ta kife ta, ta ɗauko tsohon littafin cinikinsa mai bangon kwali ta karanto: buhu goma sha biyu, kowanne kaza, dako kaza. Yakan rufe ido, leɓɓansa na motsi. Wani lokaci ya ɓata, ta ce a sake. Ranar da na je ƙarshe ya faɗi jimla, ta duba littafin ta ce ya yi kuskure. Ya ce ta sake dubawa, ta manta kuɗin igiyar ɗaure buhu. Ta duba, yana nan a ƙasan shafin da rubutun hannunsa.